Sabar ta Takwas

Ɗora manhaja a kan sabar da yawa, wato kwafe sabon shirin kwamfuta zuwa manyan na'urorin da ke karɓar buƙatun jama'a dare da rana, aiki ne da ba ya neman digirin digirgir, domin abin da ake so kawai shi ne mutumin da zai ƙirga daga ɗaya zuwa takwas ba tare da hankalinsa ya tafi wajen abincin rana ba. Da yake irin wannan mutum yana da wuyar samu, masana suka ƙirƙiro bututun haɗawa da gwaji, wato jerin matakan da na'ura ke bi da kanta: da zarar marubucin manhaja ya miƙa gyaransa, sai a haɗa shi da na abokan aikinsa, a gwada, a aika kwafi iri ɗaya zuwa kowace sabar, sannan a titsiye kowacce ta faɗi abin da ke cikinta. Jenkins na cikin sanannun kayan wannan aiki.

Kamfanin Knight Capital, wanda a lokacin yake ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, bai ga dalilin wannan ɗawainiya ba a shekarar 2012, lokacin da kasuwar hannayen jari ta New York ta shirya fara wani sabon tsari na ƙananan masu saye a ranar 1 ga Agusta. Tun daga 27 ga Yuli wani ma'aikaci ya riƙa kwafe sabuwar manhajar da aka rubuta don wannan tsari zuwa sabar takwas na SMARS, tsarin da ke karɓar babbar oda ya gutsuttsura ta ya aika kasuwa. Ya kwafe wa bakwai, ya tsallake ɗaya, kuma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ta ce wani ya bi sawunsa ya duba.

A cikin ta takwas ɗin kuwa akwai wata tsohuwar manhaja mai suna Power Peg, wadda aka daina amfani da ita tun 2003, amma ba wanda ya ga ya kamata a share ta. A 2005 aka ɗauke mata sashen da ke ƙirga abin da aka riga aka saya, wanda shi ne ke ce mata ya isa haka, ba a kuma sake gwada ta ba. Sai masu sabuwar manhaja, saboda tsimi da tanadi, suka ari tsohon makunnin Power Peg, wato alamar da ke tashe ta, suka ba shi sabon aiki. Sabar bakwai sun san sabuwar ma'anar makunnin. Ta takwas ba ta da labari, don haka da aka danna shi sai ta tashi tsohuwa daga barcin shekara tara.

A yi wa na'ura adalci: ta yi magana. Tun ƙarfe 8:01 na safe ta fara aika imel, har guda 97 kafin a buɗe kasuwa, tana ambaton Power Peg da suna, sai dai saƙonni ne irin waɗanda ma'aikata ba su saba buɗewa ba. Da ƙarfe 9:30 ya yi, oda 212 suka biyo ta hannun sabar ta takwas, ita kuma ta shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa, har ta ƙulla ciniki fiye da miliyan 4 a kan hannayen jari iri 154 cikin minti 45.

Injiniyoyi suka taru, suka yi nazari, suka yanke hukuncin da duk mai hankali zai yanke, cewa abin da aka sa jiya shi ne ya ɓata yau. Saboda haka suka cire sabuwar manhaja daga sabar bakwai masu lafiya, garin neman gira aka rasa ido, domin yanzu duka takwas ɗin sun koma jin makunnin da tsohuwar ma'anarsa. A wannan karon dai an samu daidaito a tsakanin sabar, wanda shi ne burin kowane bututu.

Asarar ta haura dala miliyan 460, kimanin miliyan 10 ke nan a kowane minti. Masu zuba jari suka kawo ɗauki da dala miliyan 400 cikin 'yan kwanaki, a 2013 aka haɗe kamfanin da wani kamfani mai suna Getco, sannan a watan Oktoba hukumar SEC mai sa ido a kan kasuwar ta ci shi tarar dala miliyan 12, kuɗin da Power Peg ke ƙonawa cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi.