Yadda Za Ka Raba Jirginka da Rawar Ɗari a Gidan Katta

Ɗan'uwa, idan ɗan jirginka mara matuƙi mai farfela huɗu ya tashi yana karkarwa, ko ya karkace ya nufi garken maƙwabci, ba baki aka yi masa ba. Saiti yake nema, ga kuma yadda ake yinsa.

Da farko, kwance farfelun duka kafin ka jona shi da kwamfuta. Farfela ba ta san ubangidanta ba, yatsanka kuwa ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Na biyu, duba farfelun da kyau, domin yawancin karkarwa daga nan take. Biyu suna juyawa dama, biyu hagu, kuma waɗanda ke kusurwoyi masu kallon juna gefe guda suke bi. In ka musanya su, jirgin zai wuntsila tun bai bar ƙasa ba, yaran unguwa su samu abin dariya har magariba. Zura siririn ƙarfe a ramin kowace farfela. In gefe ɗaya ya rinjaya, manna ɗan salatif a ɗaya gefen har su daidaita. Wadda ta tsage, yar da ita.

Na uku, ƙwaƙwalwar jirgin. Kibiyar da ke jikinta ta kalli gaba, ka kuma ɗora ta kan robobi masu laushi don girgizar inji kada ta ruɗa ta. Buɗe manhajar Betaflight, ka ajiye jirgin a daɓen siminti da ya kwanta sosai, sannan ka saita ma'auninsa. In a karkace ka nuna masa daidai, a karkace zai yi ta tafiya da zuciya ɗaya.

Na huɗu, haruffan nan uku na cikin manhajar: P, I da D. Ka ɗauka jirgin sa ne aka fito da shi daga karar Illela ran Lahadi. P ne mai jan igiyar gaba da zarar san ya kauce. I ne mai dagewa har ya dawo kan hanya ya tsaya a kanta. D ne mai riƙe da igiyar ƙafa, kada ya zarce. In jirgi yana karkarwa da sauri, P ya yi yawa. In iska tana jansa a hankali, ƙara I. In ka sauke shi ka taɓa inji ka kasa riƙewa don zafi, rage D. Fara da lambobin da manhajar ta zo da su, ka riƙa canza ɗaya kaɗan, ka gwada, ka rubuta.

Na biyar, girmama yanayin Sakkwato. Da bazara zafi yana haura digiri 40, batirin LiPo kuma ba ya shiri da rana. Kowane ɗaki nasa yana cika a bolt 4.2, in ya kusa 3.5, sauko. Wanda ya kumbura ya yi ritaya. Da hunturu, tashi daga kan kwali, domin maganaɗisun inji yana zuƙo ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin rairayi. Gwaji kuwa da sassafe, kafin iska ta karya kumallo.

Na shida, tuna inda kake. Ƙonni na nan kusa, jirginka kuma ba shi da fasfo. Saita shi yadda in ya daina jin rimot zai sauka ko ya kashe inji, maimakon ya wuce Nijar ziyara. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake tada irin waɗannan jirage. Nemi izini, ka sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Nisanci shingen kwastan, kasuwa da saman gidaje, inda iyalan mutane ke tsakar gida. A yankin da ya sha fama da rashin tsaro, ƙugi daga sama yana tada hankali, don haka zaɓi fili a bayan gari, ka gayyaci dattawa da yara su gani da idonsu, ka bayyana masu yadda abin ke aiki.