Akawalin Alhaji da Ƙurar Ƙofar Kudu

Sana'ata zane ce. Allon masu aski, zaki da mikiya a bayan manyan motoci, duk sun bi ta hannuna. Shi ya sa da wani Alhaji a unguwarmu ya ce in zana masa akawalinsa yana sukuwa, kamar yadda yake yi a jafin Hawan Daushe, na karɓi kafin alƙalami ban ko yi ciniki ba.

Washegari na dira barga da takarda da fensir da malafata. Ƙa'idar aikin sananniya ce: ka fara da da'ira uku, ƙirji da ciki da kuturi, sannan ka auna sauran jiki da tsawon kai. Matsalar ita ce babu wanda ya karanta wa dokin wannan ƙa'ida. Ina auna wuya ya sunkuya kan harawa. Ina komawa kuturi ya juyo mini fuska. Baba mai kula da shi yana zaune kan buhun dusa yana cin goro, can ya leƙo takardata.

"Yaro, jakin wa kake zanawa?"

Don in nuna masa ni ma na yi karatu, na ce, "Baba, ai aikin ba wasa ba ne. Wani Bature a Ingila, George Stubbs, sai da ya yi kusan wata 18 yana feɗe gawar dawaki kafin ya fitar da littafinsa a 1766."

Baba ya tofar da goro, ya miƙe, ya tsaya tsakanina da turke. "Feɗe me?" Kafin in gama rantsuwar ba wuƙa a aljihuna, akawali ya miƙo wuya ta kan kafaɗarsa ya cafke malafata. Yana taunawa yana kallona, ko kunya babu.

A shago na ƙarasa aikin. Baƙin doki ba a shafa masa baƙin fenti zalla, sai an ratsa shuɗi da ruwan ƙasa a kafaɗa da cinya kafin ya yi ƙyalli. Sirdi, linzami da likkafa duk suka fito tsaf. Ƙafafu kuwa na bi hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kalifoniya a 1878, waɗanda suka nuna cewa lokacin da doki mai sukuwa ya rabu da ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa huɗu a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba.

Alhaji ya daɗe yana kallo. "Malam, ciwon ciki yake yi?"

"Ranka ya daɗe, haka kyamara ta nuna."

"Kyamarar ce ta saya masa dawa? Miƙe masa ƙafafu!"

Na miƙe su. Baba ya zo ya ce wannan ai zomo ne aka ɗaura wa sirdi. Na tattare, Alhaji ya ƙi. Na miƙe, Baba ya yi tsaki. Da fenti ya kusa ƙarewa sai na tuna cewa duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawa bai ga ƙafar doki ba, ƙura ya gani. Na kwaɓa ruwan ƙasa da fari, na turnuƙe dokin tun daga kofato har ciki.

Alhaji ya daka tsalle. "Yauwa! Wannan shi ne dokina!"

Da aka zo biya sai ya zare kashi ɗaya cikin huɗu. Wai da doki mai ƙafa huɗu muka yi ciniki, shi kuwa ya duba bai ga ko ɗaya ba.