Mas'alar Kankana Marar 'Ya'ya

Tun da masanin nan na Japan, Kihara, ya samar da kankana marar 'ya'ya, saɓani ya auku tsakanin ma'abota marmari, har suka kasu mazhaba biyu: wasu na ganin ni'ima ce, domin dattijo ya sha a gaban baƙi ba tare da ƙwaya ta maƙale masa a gemu ba, wasu kuwa na kiranta bidi'a, tun da ta hana yara gasar furzarwa. Abin al'ajabi, wannan bakarariya ba ta ƙulla ɗa sai an shuka mai 'ya'ya kusa da ita, ƙudan zuma suna kai saƙo. Ni dai, kowacce ce, sai mai talla ya tsaga na ga ja, in ba haka ba in koma wa gwanda da nunannen mangwaro.