Yadda Ake Ziyartar Kufai a Dawo Masani

Idan ka gaji da ganin hotunan mutane a Facebook, tsaye gaban gine-ginen Tikal na ƙasar Gwatamala suna washe baki kamar kakansu ne ya gina, kwantar da hankalinka. Mu ma a Dandi muna da garin da ya mutu, kuma ba ya neman biza. Daga Malanbil kabu-kabu zai kai ka Birnin Lafiya, ta wajen Karimama.

Kafin ka hau, tambayi halin hanya. Wannan kam ban da wasa, don yankin gandun dajin W ba lafiya 'yan shekarun nan. Sannan kada ka kuskura ka ce wa ɗan kabu-kabu wurin tarihi za ka, kuɗin zai ninka nan take. Ce masa gaisuwar surukai za ka, zai tausaya maka.

In ka isa, fara gaida mai gari, a haɗa ka da yaro. Inda duk yaron ya ja ya tsaya, kada ka tambaye shi ina kufan yake. A kansa kake tsaye. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, ko'ina tsingaro, ba ganuwa ba soro. Haɗe rai, tsuguna, ɗauki tsingaro ɗaya, juya shi gaba da baya, ka ce "ikon Allah", ka mayar inda ka ɗauka. A aljihu dai ba zai yi maka komai ba sai huda wando.

Yanzu sai hadda. Tsakanin 2011 da 2015 Anne Haour ta Jami'ar East Anglia da abokan aikinta na Jami'ar Abomey-Calavi sun tona wurin. Sun tarar da daɓen da aka jera da fasassun tukwane, da ƙasusuwan kifi, da ragowar gero da shinkafa. An zauna a nan tun wajen ƙarni na 4 har zuwa na 13. Wato a 869, shekarar da mutanen Tikal suka kafa dutsensu na ƙarshe mai ɗauke da kwanan wata, nan ana ta dafa kifi hankali kwance. Wannan ka faɗe shi da ƙarfi, ka maimaita.

Saura babbar tambaya: me ya tashi garin? A kan biranen Maya irin su Tikal masana sun daɗe suna ja-in-ja, wasu su ce fari, wasu yaƙe-yaƙen sarakuna, wasu sare daji, alhali jikokin mutanen na nan miliyoyi suna magana da harsunansu. Kai ba ka da lokacin wannan. Dubi mai tambaya ka auna masa daidai shi. Tsohuwa, ce mata aljanu. Liman, zunubi. Ɗan boko, sauyin yanayi, ka ƙara da girgiza kai. In ka yi rashin sa'a ka haɗu da wanda ya karanta, maza ka tsallaka da hira Surame, birnin Kanta mai ganuwar dutse, wanda Kabawa suka bari wajen 1700 suka koma Birnin Kebbi. Nan ba ka buɗe baki sau biyu, Bakaben da ke kusa zai karɓe zancen har la'asar.

Dalili ɗaya ne ban yarda ka kawo a kasuwar Malanbil ba, wato cewa gari kan bushe in hanya ta kauce masa. Mutanen nan sun ga yadda aka toshe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci suka yi layi direbobi na girki a ƙarƙashinsu, masu kwale-kwale suka wayi gari su ne manya. Ka je kana yi wa dillalin albasa wannan bayani, sai ya ƙara maka jaka guda a kan buhu.