Yadda Ake Zuwa Gaida Giwa da Kuɗin Cefane

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, wai kallon namun daji harkar Turawa ce da 'ya'yan masu hannu da shuni. Da alama wanda ya fara faɗinta farashin Kenya ya gani. A gandun Masai Mara, tun 2024 baƙon da ya zo daga wata ƙasa yakan biya dala 200 kuɗin shiga na rana ɗaya a lokacin cunkoso, ban da jirgi, ban da masauki, ban da malafar nan da ba a san wanda ya wajabta musu ita ba. Ma'aikacin gwamnati da ya juya wannan lissafi zuwa naira sai ya kashe waya ya koma kallon akuyar maƙwabta. To, ga albishir: a Jihar Bauchi akwai giwa, akwai ɓauna, akwai dorina, kuma babu ɗayansu da ke tambayar fasfo.

Gandun Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Yana da kyau matafiyi ya haddace wannan adadi tun daga gida, domin shi ne amsar da za a ba shi idan ya tambayi inda giwar ta shiga.

Tafiyar araha daga tasha take farawa, tasha kuwa makaranta ce mai zaman kanta. Mutumin Kano zai bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, tafiyar kilomita wajen 300 kafin Bauchi. Na Jos da na Gombe sun fi shi sauƙi. Ko daga ina aka taso, dokar ɗaya ce: a idar da sallar asuba a nufi tasha, saboda motar farko ita ce ke cika da fasinjojin gaskiya. Wanda ya tsaya shan shayi har hantsi ya dubi ludayi zai tarar da mota da mutum biyar a ciki, ɗan kamasho yana ta rantsuwa cewa saura mutum ɗaya. Yana biya ya zauna, sai uku daga cikin biyar ɗin su zare jiki ɗaya bayan ɗaya su koma gindin darbejiya, domin zama a motar da ba ta cika ba shi ne sana'arsu. Game da kujera, kada gidan gaba ya ruɗe shi. Mutum biyu ake sayar wa wurin, kuma na tsakiya ya zama yaron mota ba albashi, duk lokacin da direba zai canza giya sai ya ɗaga cinya. Kusa da taga a baya ya fi, muddin tagar tana sauka.

Kuɗin mota kuma, duk wanda ya ce ya je Yankari kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, a saurari labarinsa da ladabi, amma kada a yi kasafi da farashinsa. Tarihi yake karantarwa.

A Bauchi ake kwana, kuma a nan ne zumunci ke biyan kuɗin kansa. Da wuya a rasa wani ɗan ƙanwar kaka ko abokin makaranta da ke garin, kuma an ce zumunci a ƙafa yake. Mai dabara yakan fara kiran mutumin mako biyu kafin tafiya don gaisuwa zalla, saboda kiran da ya zo daga tasha da magariba kowa ya san fassararsa. Da safe a ci masar Bauchi, wadda sunanta ya kai ko'ina kuma ta cancanta. In da sauran lokaci a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Nijeriya da aka kashe a Janairun 1966. Sannan a shiga kasuwa a yi guzuri: ruwa, burodi, garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, da kilishi in aljihu ya yarda. Akwai gidan abinci a cikin gandun, sai dai mai sayar da shinkafa a tsakiyar daji ya san babu wani shago a kusa da za a yi fushi a tafi. A kuma riƙe tsabar kuɗi, kada a dogara da turawa ta waya.

Nan ne lissafi ke fara cizo. Daga Bauchi ana hawa motar Gombe ko ta Alkaleri a sauka a Dindima, inda gada ta haye kogin Gongola. Daga can hanya ta yi kudu, kilomita 29 zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Sabon zuwa yakan sauka a ƙofa ya yi hamdala, ya ɗauki hoto, ya aika gida cewa ya iso. Bai iso ba. Tsakanin ƙofar da sansanin Wikki, inda masauki da ruwan ɗumi suke, akwai fiye da kilomita 40 na daji, kuma ba hanyar da motocin haya ke zirga-zirga ba ce. Mai tafiya shi kaɗai zaɓi biyu ke gabansa: ya yi shatar mota da kuɗin da ya isa ya yi wa iyali cefanen mako, ko ya zauna a bakin ƙofa yana yi wa duk motar da ta zo murmushi.

Saboda haka babban sirrin arahar Yankari shi ne taro. Mutum goma da suka yi karo-karo suka ɗauki bas tun daga Bauchi sun kashe matsalar ƙofa, sun raba kuɗin ɗaki, sun raba na motar shiga daji. Abin da ya rage musu shi ne matsalar mutum goma. A naɗa ma'aji tun kafin a tashi, a karɓi kuɗin kowa a hannu, domin "zan tura maka in mun dawo" ta raba abokai da yawa. A cikin kowace tawaga akwai wanda zai makara, akwai wanda zai zo da ƙanensa ba tare da sanarwa ba, akwai kuma wanda ya taɓa zuwa sau ɗaya yana aji huɗu na firamare, shi ne zai riƙa gyara wa jagora bayani. Duk a haƙura da su, kowannensu yana rage wa kowa kaso. Wanda ya rasa tawaga kuwa, makarantu kan kai ɗalibai yawon buɗe ido a kai a kai, kuma babu malamin da ya taɓa ƙin ƙarin babba ɗaya da zai taya shi ƙirga yara.

Lokaci ma kuɗi ne. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa ta nuna kanta. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa tana koro kowa zuwa kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun. Watan Maris da Afrilu sun fi ba da dabba, amma zafinsu sai mai rabon gani. Hutun Sallah da na Kirsimeti kuwa, nau'in halittar da aka fi gani shi ne ɗan Adam da lasifikarsa. Tsakiyar mako a watan Fabrairu ya fi wa talaka.

Masauki a Wikki hawa-hawa ne, daga ɗakunan manyan baƙi har zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, kuma mai wannan rubutu a hannu ya san inda zai dosa. Abin da ya kamata a sanar da shi tun da wuri shi ne sansanin yana da masu unguwa, wato gwaggon biri da zuriyarsa. Sun girme shi a wurin, sun san ƙarar leda, sun san siffar kula, sun kuma san cewa baƙo yakan bar ƙofa a buɗe ya je ɗauko caja a mota. Ba sa gaggawa. Babban zai zauna nesa kaɗan yana sosa ciki kamar abin duniya bai dame shi ba, idonsa kuwa na kan burodin. Da an juya baya an gama. Ƙa'idojin zama da su ba su da yawa: a rufe ƙofa da taga ko da fitar minti ɗaya ce, kada a yi yawo da leda a hannu, kada a ba su abinci don neman hoto, domin wanda aka ba ayaba ɗaya zai dawo da dangi. In kuwa ya riga ya ƙwace, a bar masa. Fiƙoƙin babban namiji ba abin wasa ba ne, kuma burodi bai kai kuɗin allura ba. A rubuta shi a cikin kasafi a matsayin kuɗin ƙasa. Mugun dawa ma yana yawo a sansanin, yana kiwo a durƙushe a kan gwiwoyinsa na gaba, amma shi ba ruwansa da kayan mutane sosai.

Shiga daji da sassafe ake yi ko da la'asar, da jagora, saboda da tsakar rana dabbobi sun fi baƙi hankali, suna inuwa. A guji baƙar riga da shuɗiya mai duhu, don su ne launukan da ƙudan tsando ke so, cizonsa kuma yana ratsa yadi. Farar shadda da aka sha guga za ta dawo ja. Turare a ajiye shi sai an koma gari. Sai kuma shiru, wanda shi ne abu mafi wuya ga tawagar da ta biya kuɗinta: da an hango gwanki sai mutum takwas su ce "ga shi can!" a tare, gwanki kuma ya ji ya yi nasa wuri.

Me za a gani? Gwambaza da mazo da kanki da birai, in an yi sa'a garken ɓauna, a bakin ruwa kada da dorina. Tsuntsaye sun haura nau'i 350, kuma wanda ya koyi kallonsu ba ya taɓa dawowa da hasara. Zaki yana nan amma 'yan kaɗan ne suka rage, an fi jin labarinsa. Raƙumin dawa kuwa kada a wahalar da jagora, ya ƙare a Yankari. Mai son ganinsa da jakin dawa sai ya nufi gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da ƙasar Namibiya ta bayar kyauta a 2006.

Giwa ita ce uwar tafiya, kuma ita ce ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniyar kula da gandun da gwamnatin Bauchi a 2014, tana ƙiyasta cewa saura tsakanin 100 da 150, duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya. Masu farautar haure ne suka yi musu ɓarna shekara da shekaru, har ya kai an ɗaura wa wasu na'ura a wuya ana bin sawunsu ta tauraron ɗan Adam. A raba giwa 150 a murabba'in kilomita 2,244, sai a gane dalilin da ya sa jagora ke yawan tsayar da mota ya nuna tulin kashi, ya ce sabo ne, ɗazu suka wuce. Matafiyi ya karɓi wannan da mutunci, ya ɗauki hotonsa, shaida ce. Waɗanda ke ganin giwa kyauta su ne manoman ƙauyukan da ke kewaye da gandun, don ita ke zuwa musu har gona da dare, ta share dawar shekara kafin asuba. Ba a taɓa jin ɗayansu ya kira abin yawon buɗe ido ba, kuma baƙon da ya je yana yi musu kirarin giwa gara ya sassauta murya.

Wanda giwa ta yi wa rowa, Wikki za ta rarrashe shi. Ruwa ne garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, lita miliyan 21 a kowace rana, ya bi ta kan farin yashi ya gangara kogin Gaji. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, shi ya sa da hunturu ake jinsa da ɗumi, da bazara kuma a ji shi da sanyi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa, ya bar wajen bakin dutsen ga waɗanda suka tashi a bakin kogi. A bar mutum ɗaya yana gadin kaya a kan tudu, saboda masu unguwa ma sun san hanyar wurin, kuma an fi kowa rauni lokacin da wando ke nesa.

In da sauran ƙarfi da mai a tanki, akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda aka sa wa sunan Baturen da ya ba da labarinsu a 1980. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyan ƙarfe na Shau Shau. Ana yawan tsallake su don ba sa motsi, alhali su kaɗai ne a gandun ke tsayawa a yi musu hoto.

Kuɗin komawa a cusa shi a aljihu na daban tun daga gida, wanda ma'aji bai san da shi ba. A bar Wikki da hantsi don kada dare ya yi a hanya, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin a tashi, su ne suka bi ta jiya. Wanda zai tsaya a Dindima neman mota ya sani cewa masu tahowa daga Gombe a cike suke zuwa, amma direba zai taka burki duk da haka, ya leƙa baya ya ce a ɗan matsa wa bawan Allah.