Wai sikanin na masu juna biyu ne kaɗai?

Ka ce me, Malam? Sikanin a ka? Wato iyakar saninka na'urar nan ta masu juna biyu ce? To gyara zama. Tun 1982 wani ɗan Norway, Rune Aaslid, ya nuna ana iya tura sauti ta gefen kai, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ba shi da kauri, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba yanka.

Ka ce ƙoƙon kai ai dutse ne? Ka ɗan yi gaskiya: akwai manyan da ƙashinsu ya yi kauri, sautin ba ya ratsawa. Naka kuwa, da wannan gardamar, ina shakka.

Ka ce to gudun jini ina ruwansa da shanyewar ɓarin jiki, abin da kowa a Kafanchan ya san jifa ne ko iska? Haba! Matse bakin tiyo ka ga yadda ruwa ke feshi. Haka jini yake idan jijiya ta tsuke. Yaro mai sikila, in gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yana bakin haɗari ko da yana ta tsalle-tsalle a tsakar gida. Eh, yaro na ce. Kai da ka ɗauka ciwon tsofaffi masu hawan jini ne! A 1998 bincike a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage wa irin waɗannan yara haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari.

"Amurka!" in ji ka, har da taɓe baki, "ina muka ga jinin?" Na san za ka zo nan. Likitocin asibitin Aminu Kano da na Murtala, da na Barau Dikko a Kadunarka, sun gwada wannan awo haɗe da ƙwayar hydroxyurea maimakon ƙarin jini, shanyewar jiki ta ragu a yaran da aka ba.

Amma kada ka zarme. Wanda bakinsa ya karkace yanzu-yanzu, hoton CT ke raba zubar jini da toshewar jijiya, a garzaya asibiti da shi. Ka ce a fara ba shi shayin citta? Cittar Kachia ta yi suna har ƙetare, ban musa ba, sai dai ba ta buɗe jijiya. Ɗanka mai sikila ya cika shekara 2? Awon gudun jinin na shekara-shekara ne har ya kai 16. Je ka tambayi likitansa inda ake yi, gardamar ka bar ta wajen mai shayi.