Ranar Canjin Taya Ake Sanin Halin Mai Mota

Kusan duk wanda ya sayi tokumbo 'yar Amurka ƙirar 2008 zuwa sama ya sayo ta da 'yan tsegumi huɗu, wato sensoci, ɗaya a cikin kowace taya, a gindin bawul. Aikinsu auna iska. Da zarar ta ragu da kashi 25 cikin ɗari sai su kai ƙara wurin kwamfutar mota, ita kuma ta kunna wata fitila ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Ba don ado aka tilasta wannan ba. A 2000 majalisar Amurka ta yi doka bayan tayoyin Firestone da ke kan Ford Explorer sun yi ta ɓarewa a kan gudu, mutum fiye da 200 suka rasu, Turai kuma ta bi sahu a 2014. Inda gizo ke saƙa shi ne batirin sensar a liƙe yake a ciki, ba a canza shi, kuma tsakanin shekara biyar zuwa goma yake mutuwa. Shekarun sensa, ashe, su ya kamata su yanke hukunci ranar da aka zo sa sabbin tayoyi. Amma jama'a kowa da mazhabarsa.

Akwai Alhaji A-canza-duka. Motarsa shekararta uku, sensocinta garau, amma mai shago na cewa "Ranka ya daɗe, gara a haɗa gaba ɗaya," sai hannu ya tafi aljihu, don kada yara su ce Alhaji ya tsaya ciniki. Abin da yake buƙata bai wuce sabuwar roba da noti da murfin bawul ba. Wani ɗan'uwansa ya fi shi ban tausayi: motarsa irin wadda ke gane raguwar iska ce daga yadda taya ke juyawa, ta hanyar na'urar birki, babu sensa ko ɗaya a cikin tayoyinta, amma ya biya kuɗin huɗu har da godiya.

Kishiyarsa shi ne Malam Na-salatif. Fitila ta dame shi, sai ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta, ya huta. Hikimarsa irin ta mai zazzaɓi ce da ya fasa ma'aunin zafi. Camry ɗinsa ta haura shekara goma sha biyar, fitilar tana ƙiftawa kamar minti ɗaya in ya tayar da mota sannan ta tsaya cak, wanda ma'anarsa sensa ce ta mutu, ba iska ce ta ragu ba. Ga taya an riga an cire, ga bawul a fili, amma ya ce a mayar haka nan. Wata uku ya dawo a sake kwance tayar, ya biya kuɗin aiki sau biyu, yana zagin Turawa.

Sai Sarkin Shuri, wanda ma'auninsa takalminsa ne. Ya zagaya mota, ya tokari kowace taya, ya gyaɗa kai kamar likita. Da asubar hunturu fitila ta kama, ya ce motar ce ke da aljanu, alhali sanyi ne ya rage ƙarfin iskar. Shi ne kuma ke sa a bugo masa lambar da ke jikin taya, wadda ita ce iyakar abin da tayar za ta ɗauka, ya bar ta gaskiya da ke manne a jikin ƙofar direba. Abokin tafiyarsa mai faci ne mai ƙarfin damtse, da zai zura ƙarfe ya ɓalle sensa, ya ɗaga ta sama ya ce, "Oga, wannan abin ba ya aikin komai," ya sa bawul na roba a gurbinta.

Za a ce iyayenmu sun ci Kano zuwa Maiduguri a Fijo 504 babu sensa, kuma kowace kwana akwai mai faci. Gaskiya ne, kuma mai ɗan ma'auni a mota da yake duba tayoyinsa kowane wata ya fi mai sensa huɗu da ba ya kallon fitila. Sai dai nawa ne masu yin hakan? Tayar zamani tana iya rasa iska mai yawa ido bai gani ba, kuma taya mai laushi a kan kwalta da ranar bazara zafi take tarawa har ta fashe. Mai faci yana bakin gari, ƙusa kuwa tsakiyar daji take shiga. Za a kuma ce tsada, ga sabuwar sensa sai an haɗa ta da kwamfutar mota, ga ta Amurka ba lallai ta yi magana da motar Turai ba. Wannan dalili ne na neman wanda ya iya aikin tun kafin a kwance tayar.

In sensocinka sun kai shekara bakwai, ka canza su tayar na ƙasa. In ba su kai ba, a sauya roba kawai, ka tsaya a kan mai facin har ya gama.